Jam'iyyar Libertarian a jihar Alaska: yadda ta shiga majalisa da yadda ta fita

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da ake zaɓe a Amurka, Republican da Democrat kaɗai muke ji a rediyo. Kwanan baya muna gardama a majalisarmu, wani ya ce akwai wata jam'iyya mai suna Libertarian, wai har ta taɓa cin kujerun majalisa a jihar Alaska, ta kuma tsayar da ɗan takarar gwamna da ya girgiza manyan jam'iyyun. Da gaske ne? In haka ne, me ya ba ta ƙarfi a can, kuma ina aka kwana yanzu? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin gardamarka ya yi gaskiya. A tarihin wannan jam'iyya babu jihar da ta fara ɗaga kai a cikinta kamar Alaska, kuma abin ya faru ne tsakanin 1978 da 1986.

An kafa uwar jam'iyyar ne a watan Disamba na 1971 a jihar Colorado, kuma David Nolan na cikin jagororin kafa ta. Aƙidarta ita ce gwamnati ta takaita hannunta: ta rage haraji, ta bar kasuwa ta yi halinta, kada ta shiga rayuwar mutum muddin bai cuci wani ba. Saboda haka a kan haraji da mallakar bindiga sukan yi kama da 'yan Republican, a kan sirrin mutum da ikon 'yan sanda kuma sukan yi kama da wani ɓangare na 'yan Democrat. Wani abu da ya kamata ka riƙe shi ne, a Amurka babu hukumar zaɓe guda ɗaya irin INEC da ke yi wa jam'iyyu rajista a ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha ce ke tsara sharuɗɗan da jam'iyya za ta cika kafin sunanta ya hau takardar ƙuri'a. Shi ya sa reshen kowace jiha yake da nasa tarihin, wani ya yi tashe, wani kuma ko sunansa ba a sani ba.

To me ya sa Alaska? Jiha ce mai faɗin gaske, mai tsananin sanyi, wadda sai a 1959 ta zama cikakkiyar jiha, kuma a ƙidayar 1980 mutanenta ba su wuce 400,000 da 'yan kai ba. Da yawa daga cikinsu baƙi ne da suka taso daga wasu jihohi don neman arziki ko don a ƙyale su su sarara. Wannan hali har cikin dokokinsu ya shiga. A 1972 sun sanya haƙƙin sirrin mutum a tsarin mulkin jihar, a 1975 kuma kotun ƙolin jihar ta dogara da wannan haƙƙi ta yanke cewa gwamnati ba za ta hukunta baligi a kan 'yar tabar wiwi da ya ajiye a cikin gidansa don amfanin kansa ba. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, ya nuna maka irin jama'ar da ake magana a kai.

Sai kuma abubuwa biyu suka haɗu a lokaci guda. Na farko man fetur. An gano shi a Prudhoe Bay a 1968, an kammala shimfiɗa bututun da ke kai shi tashar ruwa ta Valdez a 1977, tafiyar mil 800. Kuɗi suka fara kwarara cikin baitulmalin jihar fiye da yadda kowa ya zata, alhali ma'aikaci na ci gaba da ganin ana yankar harajin jiha daga albashinsa. Na biyu rikicin ƙasa. Wajen kashi 60 cikin 100 na ƙasar Alaska a hannun gwamnatin tarayya yake. A watan Disamba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu ya killace eka miliyan 56 a matsayin wuraren da ba a taɓawa, a 1980 kuma majalisar tarayya ta yi dokar da ta killace fiye da eka miliyan 100. Maharba, masu haƙar zinariya da masu ɗana tarko suka ga an rufe musu dajin da suke ci a ciki, daga wani ofis da ke Washington. A birnin Fairbanks har mutum-mutumin Carter aka ƙona. Jam'iyyar da ke cewa gwamnati ta cika shisshigi ba ta buƙatar dogon wa'azi a irin wannan yanayi.

Alamar farko ta bayyana tun 1976, lokacin da ɗan takararsu na shugaban ƙasa, Roger MacBride, ya samu fiye da kashi 5 cikin 100 a Alaska, alhali a ƙasa baki ɗaya ko kashi 1 bai kusa ba. Amma wanda ya mayar da wannan ɗumi ya zama kujera shi ne Dick Randolph, wani dillalin inshora a Fairbanks. Ba sabon shiga ba ne. Ya riga ya yi zama biyu a majalisar wakilan jihar a farkon shekarun 1970 a ƙarƙashin Republican, ya san unguwanni, an san shi. A 1978 ya tsaya a Libertarian ya ci, ya zama mutum na farko a duk faɗin Amurka da ya shiga majalisar dokokin jiha da tutar wannan jam'iyya.

Akwai wani abu a tsarin zaɓen wancan lokaci da masu ba da labarin sukan tsallake, kuma a ganina ya kai muhimmancin fetur ɗin. Fairbanks a lokacin mazaɓa ɗaya ce mai kujeru da dama. Mai zaɓe yakan shiga rumfa ya dangwala wa mutane da yawa a takarda guda, waɗanda suka fi yawan ƙuri'u su kwashe kujerun. Ka ga ɗan Republican na gidi zai iya ba 'yan jam'iyyarsa yawancin ƙuri'unsa, ya ware guda ɗaya ya ba Randolph, ba tare da fargabar cewa ya taimaki Democrat ba. Wannan fargaba ita ce ke kashe ƙananan jam'iyyu a mazaɓa mai kujera ɗaya, inda duk wanda ya zo na biyu ya tashi a tutar babu. A Fairbanks ta 1978 ba sai ka zo na ɗaya ba.

Da ya shiga majalisa, Randolph bai tsaya jiran 'yan uwansa 'yan majalisa ba, don ya san shi kaɗai ne cikin mutum 40. Tsarin mulkin Alaska ya ba jama'a damar tattara sa hannu su kai ƙudurin doka kai tsaye gaban masu zaɓe. Ya jagoranci tattara sa hannu a kan a soke harajin kuɗin shiga na jiha gaba ɗaya. Gwamna Jay Hammond, ɗan Republican, bai so a soke shi kwata-kwata ba. Ya fi son a dakatar da shi kawai, domin yana ganin ranar da fetur ya ja baya, dawo da harajin da aka binne zai yi wuya. Amma 'yan majalisa sun ga inda iska ke kaɗawa. Kafin a kai ga jefa ƙuri'a a kan ƙudurin, su da kansu suka soke harajin a 1980, Hammond ya sa hannu. Har yau Alaska ba ta karɓar wannan haraji daga ɗaiɗaikun mutane.

Shekarar 1980 ita ce ganiyarsu. Randolph ya sake cin kujerarsa, Ken Fanning ya bi shi daga Fairbanks, suka zama biyu. Ed Clark, ɗan takararsu na shugaban ƙasa, wanda attajiri David Koch ya yi wa mataimaki, ya samu kusan kashi 12 cikin 100 a Alaska, yayin da a ƙasa baki ɗaya ya tsaya a kashi 1 da ɗan ɗoriya. Mutum biyu a majalisa mai kujeru 40 ba abin rainawa ba ne idan manyan jam'iyyun sun yi kankankan. A 1981, lokacin da wasu 'yan Democrat suka haɗa kai da 'yan Republican suka tuɓe kakakin majalisa a tsakiyar zama, 'yan Libertarian ɗin na cikin wannan ƙawance.

A 1982 Randolph ya bar kujerarsa ya nemi gwamna. Ya samu kusan kashi 15 cikin 100, Bill Sheffield na Democrat ya ci da wajen kashi 46, Tom Fink na Republican ya zo na biyu da wajen kashi 37. Wannan ita ce girgizar da abokinka yake nufi, kuma ga ƙaramar jam'iyya a Amurka kashi 15 abin tinƙaho ne. Sai dai ka duba abin da ya biyo baya. Randolph ya rasa kujerar majalisa, Fanning ma ya faɗi a wannan zaɓe bayan an sake shata mazaɓu, jam'iyyar ta wayi gari ba ta da ko mutum ɗaya a Juneau, babban birnin jihar. 'Yan Republican da dama kuma suka riƙa lissafin cewa da an haɗa ƙuri'un Randolph da na Fink, da Democrat ba ta ci ba. Daga nan kalmar "mai ɓata ƙuri'a" ta manne musu.

Andre Marrou ya dawo musu da kujera ɗaya a 1984 daga yankin Homer, ya yi zama ɗaya, ya faɗi a 1986. A wannan shekara Randolph kansa ya koma Republican ya nemi tikitin gwamna bai samu ba. Marrou ya bar siyasar jiha ya koma ta ƙasa: ya yi wa Ron Paul, ɗan takararsu na shugaban ƙasa, mataimaki a 1988, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1992 ya samu ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100. Tun bayan fitarsa daga majalisa jam'iyyar ba ta sake cin kujerar majalisar dokokin Alaska ba.

Me ya jawo faɗuwar? Ni dai ina ganin nasararta ce ta fara cinye ta. Babban abin da ta shigo da shi, wato soke haraji, an yi shi cikin shekara biyu, kuma manyan jam'iyyun ne suka sa hannu suka kwashe ladan, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Bayan haka me za ka ce wa mai zaɓe? Ga shi a 1982 aka fara rabon ribar Asusun Dindindin, wanda aka kafa a 1976 don ajiye wani kaso na kuɗin fetur, kowane mazaunin jihar ya karɓi dala 1,000. Mutumin da ba ya biyan harajin jiha, kuma duk shekara gwamnati na aiko masa da cak, da wuya ka tunzura shi a kan cewa gwamnati na tatsar sa. Haka nan kuma jihar na cikin waɗanda suka fi dogaro da kuɗin tarayya idan aka raba bisa yawan jama'a: sansanonin soja, filayen jiragen sama, asibitocin ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Sanata Ted Stevens ya shafe shekara 40 a majalisar dattawa, daga 1968 zuwa 2009, kuma babban abin da ya riƙe shi shi ne iya janyo wa jihar waɗannan kuɗi. Mutanen Alaska suna son jin ana zagin Washington, amma ba su taɓa nuna suna son a rufe famfon ba.

Ba su kaɗai ba ne kuma a wannan fage. Jam'iyyar 'yancin Alaska ta Joe Vogler tana neman masu fushin nan su ɗin dai, kuma ita ce ta kai ga kujerar gwamna a 1990 lokacin da tsohon gwamna Wally Hickel ya ari tutarta. Fiye da rabin masu rajistar zaɓe a jihar ba su bayyana kansu a matsayin 'yan kowace jam'iyya ba. Mutum suke bi, ba alama ba. Abin da ya ɗaga Randolph ke nan, kuma shi ne ya hana ƙuri'unsa zama gadon jam'iyya bayan ya tafi.

Labarin 2010 da 2016 ya fito da wannan a fili, kuma yana da ban dariya. A 2010 Joe Miller, wanda 'yan Tea Party, wato gungun masu ra'ayin riƙau da ke adawa da yawan haraji, suka mara wa baya, ya kayar da Sanata Lisa Murkowski a zaɓen fidda gwani na Republican. Aka fara maganar ko za ta tsaya a tikitin Libertarian, shugabannin jam'iyyar na jihar suka zauna suka ce a'a, aƙidarta ba tasu ba ce. Ta tsaya ba tare da sunanta a takardar ƙuri'a ba, magoya bayanta suka riƙa rubuta shi da hannu, ta kuma ci. Bayan shekara shida sai ga Miller ɗin ya karɓi tikitin Libertarian, bayan 'yar takararsu ta janye masa, ya sake karawa da Murkowski. Ya samu kashi 29 cikin 100, ya zo na biyu, ya wuce ɗan takarar Democrat nesa ba kusa ba. A takarda wannan ne sakamako mafi girma da jam'iyyar ta taɓa samu a zaɓen jiha baki ɗaya a Alaska. Amma a rana guda, a rumfuna guda, Gary Johnson, ɗan takararsu na shugaban ƙasa, kashi 6 ya kusa samu. Tazarar da ke tsakanin 29 da 6 ita ce yawan mutanen Miller da suka biyo shi, ba mutanen jam'iyya ba.

Game da inda aka kwana: a 2020 masu zaɓen Alaska sun amince da sabon tsari. Duk 'yan takara na kowace jam'iyya suna shiga zaɓen share fage guda ɗaya, huɗun farko su wuce, sannan a babban zaɓe mai ƙuri'a ya jera su, na ɗaya, na biyu, na uku. Idan wanda ka sa a farko ya zo ƙarshe, ƙuri'arka ta koma kan na biyunka. A ƙa'ida wannan ya kawar da fargabar ɓata ƙuri'a, irin yadda tsohuwar mazaɓar Fairbanks ta yi. Sai dai gwajin farko bai nuna wata taskar magoya baya da ke ɓoye ba. A zaɓen kujerar majalisar wakilai ta tarayya na Nuwamban 2022, Chris Bye na Libertarian ya shiga cikin huɗun ne bayan wata 'yar Republican ta janye, ya samu ƙasa da kashi 2 cikin 100, shi aka fara cirewa, Mary Peltola ta Democrat ta lashe kujerar. A 2024 an yi yunƙurin soke sabon tsarin, ya tsira da ratar ƙuri'un da ba su kai 1,000 ba. Jam'iyyar na nan da rajistarta da 'yan takararta, amma ba ta da kujera a Juneau.