Amsa ga 'yar uwa da ta tambayi abin da ya haɗa ciwon ɓarin kai da zuciya

'Yar uwa sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce kafin kan ya fara sara sai ki riƙa ganin walƙiya da wasu layuka masu ƙyalli, shi ne likita ya tura ki hoton zuciya kika tsorata. To ki kwantar da hankalinki, nima na daɗe ina fama da irin wannan kuma an yi min gwajin.

Kin ga jariri yana ciki ba da huhu yake numfashi ba, akwai 'yar ƙofa tsakanin ɗakuna biyu na saman zuciya da jini ke bi ya tsallake huhu, bayan haihuwa sai ta rufe, amma kusan mutum 1 cikin 4 tasa ba ta gama liƙewa, likitoci na ce mata PFO, kuma yawanci har su tsufa ba su san da ita ba. Cikin masu irin ciwonmu mai walƙiya kuwa kusan rabi ne ke da ita. Huhu kamar rariya yake wa jini, don haka ake zaton ƙananan gudaji ko wasu sinadarai ne ke bi ta ƙofar su haura ƙwaƙwalwa ba a tace su ba, su tayar da walƙiyar.

Gwajin ba ciwo wlh. Ruwan gishiri ake girgizawa ya yi kumfa a sa miki ta jijiyar hannu, a ce ki yunƙura ki saki, suna kallo a na'urar eko, wato ta hoton zuciya, ko kumfar za ta ɓullo ta ɓangaren hagu na zuciya, alamar akwai inda jini ke tsallakewa. Tawa ta ɓullo.

Amma nan nake so ki tsaya da kyau, kar wani ya ce miki toshe ƙofar shi ne maganin ciwon kai. An gwada a Ingila, binciken MIST a 2008, an sake a Amurka, PREMIUM a 2017, duk ba su cimma abin da aka sa a gaba ba, ko da yake wasu masu walƙiya sun ɗan samu sauƙi. Wanda aka fi toshe wa shi ne mai ƙasa da shekara 60 da ya samu shanyewar ɓarin jiki ba a gano dalili ba. Ni ban toshe ba, magani nake sha, ina kiyaye bacci da shan ruwa musamman da azumi.

Abin da ya fi damuna gaskiya shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin isturojin, ita da ciwon kai mai walƙiya suna ƙara haɗarin shanyewar jiki, balle a haɗa da sigari ko shisha, don Allah ki faɗa wa likita in kina sha a canza miki. In kuma ana yawan haɓo a gidanku shi ma ki faɗa, don wani lokacin a jijiyoyin huhu jinin ke tsallakewa ba a zuciya ba. Walƙiya in ta wuce awa ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, asibiti kai tsaye ko cikin dare ne.