Amsa ga Hajiya kan annobar unguwar Soho a Landan

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce yaronki ya dawo daga makaranta da labarin wani likita da ya cire hannun famfo a Landan, annobar kwalara ta tsaya cak, kina so ki ji ko haka ne. To, akwai gaskiya a ciki, amma bari in warware miki.

Unguwar sunanta Soho, a tsakiyar Landan. A wancan zamanin cike take maƙil da talakawa, iyali guda a ɗaki guda, ga ramukan masai a ƙarƙashin gidaje. Ranar 31 ga Agusta 1854 amai da gudawa ya ɓarke. Cikin kwana uku mutum 127 suka rasu, kafin abin ya lafa an kai 616. Hajiya, unguwa ɗaya fa, tituna 'yan ƙalilan.

Manyan likitocin lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce, wato wari, ke kawo cutar. Shi Dakta John Snow, likitan da yaronki yake nufi, tun 1849 yake cewa a ruwan sha take. Abin da ya taimake shi, kuma nan nake so a saurara da kyau, tun 1837 Ingila ta fara rajistar mutuwa: wane ne ya rasu, a ina, me ya kashe shi. Sai ya je ofishin rajista ya karɓo jerin mamatan, ya bi gida gida yana tambaya, ina kuke ɗiban ruwa? Sai ga mace-macen sun taru kewaye da famfon titin Broad Street.

Kuma ya kula da waɗanda ba su mutu ba. Akwai gidan gajiyayyu a Poland Street mai mutum 535, biyar kacal suka rasu, saboda suna da tasu rijiyar. Ma'aikatan kamfanin giya da ke kan titin Broad Street ma sun tsira, don ba sa shan ruwan famfon. Sai wata dattijuwa a Hampstead, nesa da Soho, wadda take son ɗanɗanon ruwan wannan famfo, ana kai mata shi a kwalba har gida. Ta sha, ta rasu, alhali babu annoba a unguwarsu. Wallahi wannan matar tana tsaya mini a rai.

An cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Amma a lokacin cutar ta riga ta fara sauka, jama'a da yawa sun gudu daga unguwar, shi kansa Snow ya faɗi haka. Saboda haka ki gaya wa yaron cire hannun ya taimaka, amma babban aikin shi ne ƙidayar da bin diddigin.

Wani limamin coci na unguwar, Henry Whitehead, da farko bai yarda da Snow ba. Ya shiga bincike don ya ƙaryata shi, sai ya gano tushen abin. Wata jaririya ce ta kamu a gida mai lamba 40 a titin Broad Street, mahaifiyarta ta wanke tsummokaranta ta zuba ruwan a ramin masai, ramin kuwa bai kai mita ɗaya da rijiyar famfon ba, kuma bangonsa ya lalace yana tsiyaya. Uwa tana jinyar 'yarta, ina za ta sani? Duk wanda ya san lungunan tsofaffin biranenmu ya san gidan da masai da rijiya suke dab da juna haka.

Wani abu kuma, kwalara zuwa take ta tafi. Shekara da shekara abin da ya fi cin manya a Landan ta lokacin tarin fuka ne, yara kuma ga ƙyanda, ga tari, ga gudawa, ga agana. Waɗannan ba su tayar da hankalin hukuma kamar kwalara ba, don a hankali suke ɗauka.

Hukumar lafiya ma ba ta karɓi maganar Snow nan take ba, daga baya har an mayar da hannun famfon. Ya rasu a 1858. Sai da kwalara ta sake afkawa gabashin Landan a 1866 sannan William Farr, mai lissafin mace-mace a ofishin rajista, ya tsaya tsayin daka cewa ruwa ne. Idan yaron yana da sauran tambaya, ya turo.