Hukuncin kwana da cin abinci a otal ɗin da ake cewa yana da fatalwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a jihar Arkansas ta Amurka. Sashenmu ya shirya taron kwana biyu a otal ɗin Crescent da ke garin Eureka Springs, wanda masu shi da kansu ke tallata shi a matsayin otal mafi yawan fatalwa a Amurka. Ana cewa wani magini ya faɗo ya mutu lokacin ginin, kurwarsa na nan a ɗaki mai lamba 218, kuma ana ganin mutanen zamanin da a madubin ɗakin cin abinci. Har yawon neman fatalwa ake yi da dare, a biya kuɗi. Shin matattu na dawowa? Ya halatta in kwana, in ci abinci, in bi su yawon?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, wanda ya mutu ba ya dawowa, ko a otal ko a kasuwa. Allah Ya ba da labarin mai roƙo a bakin mutuwa cewa a mayar da shi duniya ya gyara aikinsa, aka ce masa a'a, kuma a gabansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su (Muminun, aya 99 zuwa 100). Hadisin Jabir ɗan Abdullahi ma ya fi fito da abin fili. Mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu, ya roƙi Allah Ya mayar da shi duniya a sake kashe shi saboda Shi, Allah Ya ce hukunci ya riga ya gabata daga gare Shi cewa ba su komawa. Tirmizi ya ruwaito. To idan shahidin Uhudu bai samu izini ba, wa ya ba magini izinin zama a ɗakin otal shekara ɗari da arba'in yana wasa da ƙofa?

Wannan camfi tsoho ne. Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa wanda aka kashe ba a ɗauki fansarsa ba, ransa kan zama tsuntsu yana kuka a kan kabari yana cewa a shayar da shi. Suna kiran abin hama. Annabi (SAW) ya kore shi da bakinsa a hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim. Mu ma nan gida wa bai taɓa jin an ce an ga wane, wanda aka yi wa salla bara, yana sayar da kaya a wani gari mai nisa ba? Kullum kuma wanda ya gan shi ɗin ba ya nan, wani ne ya ji daga bakinsa.

Aljanu kam akwai su, musun samuwarsu ƙaryata Alƙur'ani ne, kuma malamai irin su Ibn Taimiyya sun bayyana cewa shaiɗan kan ɗauki siffar mamaci don ya ruɗi masu rai. Amma kada ka yi saurin jingina musu kowane motsi. Ginin da aka buɗe a 1886, katako da bututun ruwa da tsofaffin tagogi, dole ya yi ƙara cikin dare. Ƙara da cewa mutum ya biya kuɗi don a tsorata shi, ya shiga da kunne a buɗe. Sannan ga riba: ɗakin da aka ce yana da fatalwa shi ake rububi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tarihin wurin aikin mai rai ne. A 1937 wani Norman Baker, wanda ba likita ba ne, ya sayi ginin ya mai da shi asibiti, yana shelar cewa yana warkar da ciwon daji. Marasa lafiya suka yi ta zuwa da ɗan abin da suka tara, ana yi musu allurar haɗe-haɗen banza, da yawa suka mutu. A 1940 kotu ta ɗaure shi shekara huɗu kan zamba ta hanyar gidan waya. A 2019 aka tono ɗaruruwan kwalabensa a bayan otal ɗin. Ɗakin da ya ajiye gawawwaki a ƙasan ginin, can ake kai masu yawon dare. Mutanen da aka zalunta a gadon jinya sun zama abin nishaɗi, wannan kaɗai ya isa mai mutunci ya ja baya.

Saboda haka kwana a wurin ya halatta, babu karhanci, domin asalin wurare halacci ne, kuma ƙin shiga don tsoron matattu shi kansa camfi ne. In ka sauke jakarka ka karanta abin da Khaula bint Hakim ta ruwaito a Muslim: A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Ka yi Ayatul Kursiyyu kafin barci kamar yadda ka saba.

Ɗakin cin abinci kuwa, madubi ba shi ne abin dubawa ba, faranti ne. Ka tambayi ma'aikaci ko akwai naman alade ko kitsensa, ko an dafa miya da giya, don girkinsu na yawan haka. Kifi da ganye sun fi maka sauƙi. Ka nemi teburin da ba a shan giya a kansa, domin hani ya zo a kan zama irin wannan.

Yawon dare yana da fuska biyu. Idan zagayawa ce a ji tarihin gini, zuciyarka na ƙaryata sauran, bai kai haram ba, ko da yake na fi so maka ka bari. Idan kuwa ya kai ga kashe fitila ana kiran mamaci da suna, ana jiran ya amsa ta wata na'ura ko ta bakin mai da'awar magana da matattu, wannan haramun ne, bokanci ne da aka sa wa batir. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. In abokan karatunka suka matsa, ka ce musu addininka bai yarda da kiran matattu ba, ka koma ɗakinka. In ma 218 aka ba ka, karɓi mabuɗin.

Wallahu a'alam.