Zogale, ɓeraye da robar "maganin ƙoda": amsoshin wasiƙunku

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "An ce masana sun gwada zogale da habbatus sauda, sun ga suna kare ƙoda. In sayo wa mahaifina ya riƙa sha kullum?"

Ɗana, an gwada kam, amma a kan wa? Galibin irin wannan bincike, har wanda ake yi a jami'o'inmu, a jikin ɓeraye ake yinsa. A yi wa ɓera allurar gentamicin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai yawa don a lahanta masa ƙoda da gangan, a ba shi ruwan ganyen na 'yan kwanaki, sannan a auna jininsa a ga ko dattin da ƙoda ke tacewa ya ragu. Aiki ne mai amfani, amma matakin farko ne kawai. Tsakanin ɓeran da aka ɗura wa magani na mako biyu da dattijon da ya shekara goma da hawan jini akwai tazara. Baba ya ci kwaɗon zogalensa da ƙuli-ƙuli kamar yadda ya saba. In kuwa likita ya riga ya ce ƙodarsa ta taɓu, kada ka soma ɗirka masa garin zogalen sai ka tambaya, domin ganyen na da sinadarin potassium da yawa, raunanniyar ƙoda kuma ba ta iya fitar da shi.

Maman Sadiq daga Gashuwa ta ce maigidanta ƙafarsa na kumbura, da safe fuskarsa ta tashi suntum. An kawo masa wata robar magani mai lambar NAFDAC, tana tambaya ko ya sha.

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Kowa ya san yadda ciwon nan ya addabi Gashuwa da Haɗeja, ba zan ga laifinki don hankalinki ya tashi ba. Amma ki ɗauke robar nan daga ɗakin. Gobe da safe ku tafi asibiti a auna masa hawan jini da suga, a duba fitsarinsa, a ɗebi jini a yi gwajin ƙoda. Kumburi ba lalle ƙoda ba ce, zuciya da hanta ma suna kawo shi, sai gwaji zai raba gardama.

Ita kuwa lambar, bari in yi magana da kowa, don abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Lambar da NAFDAC ke ba yawancin magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba ba a ga alamar guba ba, an yarda a sayar na wani ɗan lokaci. Ba a ce yana warkarwa ba. Ku juya robar, za ku ga an rubuta da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jiki ba. Wannan fa in lambar ta gaskiya ce, ba wadda aka bugo a shagon kwamfuta ba. Mai mota da lasifika a bakin kasuwa ya ce robarsa ɗaya tana maganin basir, sanyi, shawara, ƙarfin maza da ƙoda, ruwan kuma ya yini a rana cikin tsohuwar robar lemo, mutum da hankalinsa ya zaro dubu uku ya miƙa! An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe da ƙwayoyin bature a ciki, su diclofenac, masu kashe ciwon jiki nan take suna kuma cin ƙoda a hankali. Masu cewa ai itace ba ya illa, su ji wannan: a farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam suka rasa ƙodarsu bayan shan maganin rage ƙiba na ganyayen Sin. Tsiron da ya jawo haka ɗan gida ɗaya ne da duman dutsen da muke jiƙawa. Ni ban raina ilimin kakanni ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja daga wajen mai maganin gargajiya ta samo maganin sikila na Niprisan, amma sai da aka gwada shi a kan marasa lafiya, aka san adadin da za a sha.

Wani bawan Allah daga Maraɗi na tambaya ko jiƙon kanwa da lemon tsami duk Juma'a zai wanke masa ƙoda. Malam, wa ya ce maka ta yi dauɗa? Kanwa gishiri za ta ƙara maka, jini ya hau. Sha ruwa.

Hajiya daga Sakkwato: zoɓo zai iya maye gurbin ƙwayar hawan jini? A'a, Hajiya. Shi kam an gwada shi a jikin mutane, an ga yana ɗan sauke jini, amma kaɗan. Ki sha abinki ba tare da tula suga ba, ki gaya wa likitanki kina sha, ƙwayar kuma kada ki tsallake ko rana ɗaya.