Yadda ake cire daskararren maiƙo daga gindin kasko da tukunya

Tambaya: Ina tuyar awara da ƙosai a ƙauyenmu, kusa da Ringim. Gindin kaskona da na tukwanen dalma ya yi baƙin ɓawo mai danƙo. Na dirza da yashi da soson ƙarfe har hannuna ya yi kanta, bai fita ba. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, abu biyu ne suka haɗu a gindin kaskon nan. Na sama baƙin hayaƙi ne, shi ko da omo kaɗai zai tafi. Na ƙasa shi ne mai taurin kai: man gyaɗa ko manja da yake gangarowa ta gefe lokacin tuya, wuta ta yi ta gasa shi kullum har ya daskare kamar fenti. Dirza ba ta narkar da shi, sai dai ta cinye miki dalma. Dole a fara tausasa shi da ruwan zafi da toka ko kanwa, domin su ne suke warware mai.

Ki sami babbar tukunya ko bahon ƙarfe da gindin kaskon zai nutse a ciki. Ki zuba ruwa lita 5, tankaɗaɗɗiyar tokar itace ko ta kara gwangwanin madara 2, dakakkiyar kanwa cokali 3, da ɗan omo. Idan ya tafasa ki sauke, ki kankare abin da zai kankaru da bayan cokali, sannan ki tsoma gindin kaskon. Zafin yana da muhimmanci. A ruwan sanyi aikin yakan yi jinkiri ƙwarai.

A nan ne ake bambanta kaya. Kaskon baƙin ƙarfe zai iya kwana a cikin ruwan ba abin da zai same shi. Dalma da silba kuwa kada su wuce minti 20 zuwa 30, saboda toka da kanwa suna cin su, su dusashe su yi duhu. Gara ki maimaita sau biyu ko uku da ki bar su su daɗe. Idan kin ciro, ki kwaɓa toka da sabulun salo, ki shafa, ki goge da soson ƙarfe tun kaskon yana da ɗumi. Za ki ga ɓawon yana tashi a sauƙaƙe. In dalmar ta yi duhu, ki tafasa ruwan tsamiya ko na lemun tsami, ki jiƙa ta minti 10, haskenta zai dawo.

Wasu mata masu haɗa sabulu suna ɗibar sodar da suke aiki da ita su wanke tukunya. Tana cire maiƙo nan take, amma ban ba ki shawarar haka ba. Tana ƙona fata, tana iya makantarwa in ta fantsama a ido, dalma kuma sai ta cinye ta har ta yi ƙananan ramuka. Kalanzir da fetur ma a bar su nesa da kayan abinci da murhu. Ruwan kanwar da kansa yana busar da hannu, ki sa safar roba ko leda, kuma ki kawar da shi daga inda yara suke.

Abu ɗaya kada ki taɓa: baƙin da ke cikin kaskon ƙarfe mai santsi, shi yake hana awara kamawa. Bayan kaskon kawai za ki wanke. In kin gama ki ɗora shi a wuta ya bushe, ki shafa masa mai kaɗan don kada ya yi tsatsa. Kwanon samira da kasko mai rufin da ba ya kama abinci ba sa son yashi ko soson ƙarfe, soso mai laushi za a sa musu.

Don kada ya sake taruwa, kafin ki ɗora tukunya ki shafe gindinta da kwaɓaɓɓiyar toka ko jiƙaƙƙen sabulu. Hayaƙin a kansu zai zauna, ya tafi da ruwan wanke-wanke. Ki rage cika kasko da mai, ki goge wanda ya gangaro a ranar, kuma ki guji ɗanyen itace, musamman da damina, don hayaƙinsa ya fi danƙo.