Tambayi Likita: Kafso, Sipro da Ɗigon Jarirai

Likita, kwana 3 ke nan ina fama da mura, hanci na zuba. In sayi amoksisilin? (Daga Funtuwa)

Kar ka saya, Malam. Amoksisilin da sauran dangin fenisilin aikinsu rusa bangon da ke kewaye da ƙwayar bakteriya. Mura kuwa bairos ke kawo ta, shi ba shi da wannan bango balle a rusa. Ka huta, ka yawaita shan ruwa. In ta haura kwana 10, ko numfashi ya fara yi maka wuya, ka je asibiti.

An rubuta mini sipro saboda taifot. Zan iya shan fura da nono? (Daga Maraɗi)

Za ka iya, amma ba lokaci ɗaya ba. Sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yana kama maganin tun a hanji, ya hana shi shiga jini yadda ya kamata. Ka sha sipro, ka jira awa 2, sannan furar. Haka maganin ƙarin jini da farin maganin nan na ƙwannafi. Idan agararka ta fara ciwo, dakata da shi ka koma wurin likitanka.

Na haihu kwana 4 da suka wuce. Idon jaririn ya yi ɗorawa, ba ya kama nono sosai. Uwar mijina ta sayo ɗigon Ampiclox, ta ce duk jariri ana ba shi don ya wanke ƙazantar haihuwa kuma ya kori shawara. In ba shi? (Wata uwa daga Gusau)

Allah ya raya, Malama. Amma ki ajiye wayar nan ki ɗauki yaron ku tafi asibiti yau, sauran bayanin kya karanta a can.

Wannan al'ada ta ɗigon Ampiclox tana ci mini rai ƙwarai, domin iyaye na yin ta ne da kyakkyawar niyya, ita kuma tana cinye lokacin da ya kamata a ceci yaro. Babu wata ƙazanta a cikin jariri da ke buƙatar wanki. Baƙin kashin da yake yi a kwanakin farko da kansa yake fita, nonon fari da wasu ke matsewa su zubar shi ne ma ke taimaka masa.

Shawarar jarirai kuma galibi ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba. Jajayen ƙwayoyin jinin yaro ne ke farfashewa, wani sinadari mai launin ɗorawa ya taru, hantarsa kuma ba ta yi ƙwarin da za ta kwashe shi da sauri ba. Ampiclox haɗin ampisilin ne da kuloksasilin, bakteriya suke kashewa, ba ruwansu da wannan sinadari. Ruwan gulukos ma haka, shanya yaro a rana ma ba abin dogaro ba ne. Idan sinadarin ya yi yawa yana haurawa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma, ko wuyansa ya kasa tsayawa, ko ya kasa tafiya, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Alhali a asibiti za a auna jininsa, a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, da yawa cikin 'yan kwanaki an sallame su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne ƙin kama nono. A jariri ɗan kwana 4 wannan na iya zama alamar ƙwayar cuta ta shiga jini. In ma hakan ne, ɗigon baki ba zai wadatar ba. Allura ake yi, yawanci ampisilin ko fenisilin haɗe da jentamaisin, a auna daidai nauyin yaro, domin jentamaisin in ya yi yawa yana taɓa ƙoda da ji. Ba aikin mai kemis ba ne, ko da ya iya allura.

Ki lallaɓa Hajiya, ki ce likita ne ya ce, ku tafi tare ma ta ji da kunnenta. Zafin jiki, sanyin jiki, saurin numfashi, jijjiga, ko cibiya mai ruwa da wari, ko wanne kika gani a jariri, asibiti ne, ko da tsakar dare.

Gaskiya ne Ampiclox na hana ɗaukar ciki bayan saduwa?

Ba ya hanawa ko kaɗan. Ki je sashen tazarar haihuwa a ba ki abin da ke aiki.

Ɗana ɗan shekara 2 yana gudawa. Na fasa masa kafso ja da yalo a ruwa, na ƙara da Flagyl. (Daga Azare)

Haba baiwar Allah! Ja da yalo tetrasaikilin ne, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana ɓata haƙora su dawwama da launin ƙasa-ƙasa. Mai ciki ma ba ta sha. Flagyl na da ranarsa, kamar atinin da ƙwayar cutar amiba ke kawowa, amma yawancin gudawar yara bairos ne. Abin da ke kashe yaro ƙarewar ruwan jiki ne. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari na leda bayan kowace gudawa, da ƙwayar zink ta miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ki ci gaba da ba shi abinci. In kika ga jini a kashin, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ku garzaya asibiti.

Na fara shan Septrin, sai ƙuraje suka feso mini, leɓena na saɓulewa, idona ya yi ja. In ƙarasa? (Daga Kumasi)

Kar ka ƙara ko ƙwaya ɗaya. Wannan na iya zama mummunar rashin jituwa da dangin salfa, sinadarin da ke cikin Septrin, wadda ke saɓule fata kamar ƙuna, tana kuma kisa. Ka tafi asibiti yanzu, ka riƙe kwalin maganin a hannu. Daga yau duk inda za a rubuta maka magani ka faɗa musu jikinka ba ya karɓar salfa, har da Fansidar na zazzaɓin cizon sauro, domin shi ma akwai salfa a cikinsa.