Hukuncin Sallar Wanda Ɓarin Jikinsa Ya Shanye Yana Kwance A Asibiti

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mutuniyar Daura ce. Wata huɗu ke nan ina jinyar maigidana a asibiti a Katsina. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi kwana 19 bai san wanda ke kansa ba. Yanzu yana gane mutane, sai dai magana ba ta fita sosai, akwai robar fitsari a jikinsa, ana kuma kai shi gashin ƙashi. Tun da ya kwanta bai yi salla ba, domin wansa, wanda ya yi karatun zaure, ya ce a littafin fiƙihun nan, Muhtasar, an ce wanda ba ya iya alwala ko taimama salla ta faɗi a kansa, ba kuma ramuwa. Jiya da aka kira magariba na ga yana hawaye. Yaya zan yi? Ni ma na gaji, har nakan ji haushinsa, ina tsoron ko ladana ya ɓaci.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da alheri.

Baiwar Allah, hukuncin yana cikin maganarki, inda kika ce "yana gane mutane". Salla tana bin hankali ne, ba ƙarfin gaɓɓai ba. Mutumin da ya ji kiran magariba ya zubar da hawaye ya san lokaci, ya san abin da ake kira dominsa. Ya fara salla yau, kada a jira ranar sallama.

Kwana 19 na suma babu ramuwa a kansa a mazhabarmu ta Malikiyya, haka Risala, ɗaya daga littattafan fiƙihunta, ta faɗa, kuma Abdullahi ɗan Umar ya suma bai rama ba, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik. Sallolin bayan farfaɗowa su zai rama, a hankali, a kwancen da yake, gwargwadon abin da ba zai wahalar da shi ba. Laifin jinkiri ba ya kansa, fatawa aka ba shi ya bi.

Idan ruwa ba ya cutar da shi, ki yi masa alwala, shi ya yi niyya. Idan akwai wahala, ki samo dutse mai tsarki ki ajiye a gefen gado, ki kama hannunsa ki ɗora, ki shafa masa fuska da hannaye. Bangon asibiti fenti ne, ba a taimama da shi. Fitsarin da ke bin roba ba ya warware masa alwala, hukuncin mai yoyon fitsari ne, jakar ma an yi masa rangwame a kanta tunda ba ya da ikon cirewa. Idan gadon zai juyu zuwa alƙibla a juya, in ba zai juyu ba ya yi a yadda yake. Ya yi nuni da kai, na sujada ya fi na ruku'u sunkuyawa. Karatu ya motsa harshe da abin da ya samu. In yana rikicewa a lissafin raka'a, zauna kusa ki riƙa tuna masa.

Sai maganar wansa. Ba ƙarya ya yi wa littafi ba, Shehu Halilu, mawallafin Muhtasar, ya faɗi cewa salla da ramuwarta suna faɗuwa idan aka rasa ruwa da abin taimama. Amma a wurin wa? A wurin wanda aka ɗaure, ko gini ya danne, ba mai miƙo masa ko da tsakuwa. Mijinki yana da ke a gefensa dare da rana, kuma garin Katsina bai rasa dutse ba. Mas'alar ba tasa ba ce tun daga tushe, an ɗauko hular wani an sa masa. Risalar da ake karantawa tun kafin a kai Muhtasar ta ce mara lafiya ba ya jinkirta salla matuƙar yana cikin hankalinsa, ya yi ta gwargwadon ikonsa. Shi Muhtasar ɗin, a babin sallar mara lafiya, ya kawo cewa ko wanda ba abin da ya rage masa sai niyya, abin da mazhaba ke hukuntawa shi ne wajabci.

Ko da ma mun ɗauka ya rasa ruwa da abin taimama duka biyun, maganar ba ɗaya ba ce a mazhaba, huɗu ce. An ruwaito daga Imamu Malik cewa ba salla ba ramuwa. Cikin manyan malaman mazhabar kuwa, Ibnul Ƙasim ya ce ya yi ya kuma rama, Asbagu ya ce ya bari ya rama daga baya, Ashhabu ya ce ya yi salla a yadda yake, ba ramuwa. Ni maganar Ashhabu nake rinjayarwa, kuma ba don sauƙinta ba. Lokacin da sarƙar Nana A'isha ta ɓata, sahabban da aka tura nema salla ta riske su ba ruwa, ayar taimama ba ta sauka ba tukuna, suka yi salla ba alwala. Da suka kai ƙara wajen Annabi (SAW) bai ce sun yi laifi ba, bai ce su sake ba. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Masu cewa kada ya yi salla suna kafa hujja da hadisin da ya ce Allah ba ya karɓar salla ba tare da tsarki ba. Hadisin ingantacce ne, amma a kan mai iko yake, kamar yadda tsayuwa da fuskantar alƙibla da suturta al'aura duk suke faɗuwa ga wanda ya gaza, salla kuwa tana nan. Me ya sa tsarki kaɗai zai tafi da ita? Kwatanta shi da mai haila ma bai zauna ba, ita nassi ne ya ɗauke mata. Sayyidina Umar ya yi asuba rauninsa na kwararar da jini bayan an soke shi, yana cewa wanda ya bar salla ba ya da rabo a Musulunci. Kuma a duba abin da fatawar ta haifar: wata uku da ɗoriya an raba mutum da abin da ya fi buƙata a kan gadon nan.

Kada ki je ki ce wa wan mijin naki Malam ya ce ka yi kuskure. Ce masa, "Yaya, ƙaninka yana kuka in an kira salla, ko za ka zo ka yi masa taimama da hannunka?" Zumunci ya fi cin gardama tsada, kuma kina buƙatarsa.

Gajiyarki kuma ba zunubi ba ce, jin haushin da ya tsaya a zuci bai fito a baki ba ba ya cin lada. Sayyidina Usman bai je Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya 'yar Manzon Allah (SAW), aka ce masa yana da lada da rabon wanda ya halarta. Sai dai ba a ce ki kashe kanki ba. 'Yan'uwansa su yi karɓa-karɓa, ki je Daura ki kwana biyu da yara. Wanda ba zai iya kwana ba ya kawo kuɗin magani, dubiyar da aka tsaya a "ya jiki" ba ta sauke haƙƙi.

Abin da ba ki tambaya ba: za a zo a ce iska ce ta buge shi, a maida shi gida. Kada ki yarda a yanke gashin nan, masu wannan ciwo sun fi samun sauƙi a watannin farko. Tofi da addu'a a yi a bakin gadon. Amma rubutu ko jiƙo kada a ɗura masa sai likita ya tabbatar yana haɗiya lafiya, shanyewar jiki takan taɓa maƙogwaro, ruwa ya bi ta huhu. A riƙa juya shi duk bayan kamar awa 2 saboda gyambon kwanciya. Masu dubiya kuma a hana su zancen "wane ma haka ya yi har ya cika" a kansa, harshensa ne ya yi nauyi, kunnensa yana ji.

Wallahu a'alam.